Iyaye, Mu Taka Mu Je Makarantun 'Ya'yanmu

Ina da tambaya guda ga duk uba da duk uwa da ke da yaro a firamare ko ƙaramar sakandare: yaya sunan malamin ajin ɗanka? Ban ce hedimasta ba. Malamin nan nake nufi da yake tsayawa gaban allo da alli a hannu, yana kiran sunan yaronka a rajista kullum da safe. Mun san mahaucin da muke sayen nama a wurinsa. Mun san makanikin da ke gyara mana babur, har lambar wayarsa muna da ita. Wanda ya ba da ajiyar buhun gero ma yakan leƙa lokaci-lokaci ya ga ko gara ta shiga. Amma mutumin da muke danƙa wa hankalin 'ya'yanmu tun daga safe har azahar, da yawanmu ko a hanya muka haɗu da shi ba za mu shaida shi ba.

A bara aka aiko mana da takardar gayyata zuwa taron iyaye da malamai a firamaren unguwarmu. Makaranta ce da in an tashi yara sai titi ya cushe, masu abin hawa su tsaya su jira. Iyayen da muka je ba mu cika benci huɗu ba. Ba a yi kwana goma ba aka yi walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyar da ke bayan layinmu. Rumfa ta cika ta batse, wasu a tsaye, mata sun yi girki tun asuba, har da waɗanda suka zo daga wani gari. Na yi farin ciki da wannan cika, Allah Ya ƙara. Sai dai iyayen nan su ne dai waɗancan, yaran ma su ne. Me ya sa ƙafarmu take da sauƙi zuwa can, take da nauyi zuwa nan?

Abin yana da tushe. Makarantar allo tamu ce tun kaka da kakanni. Uba da kansa yake riƙo hannun yaro ya kai shi zauren malam, ya gaishe shi, ya ba shi amana. Ana aika kuɗin Laraba, ana kai wa malam hatsi da kaka, ana sanin surar da yaro ya kai. Ita kuwa boko baƙuwa ce ta zo mana. A 1909 Bature Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, kuma shekaru da yawa bayan haka ta hannun sarakuna da hakimai ake karɓar yara, wasu iyayen har ɓoye 'ya'yansu suke yi. Da aka kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, ajujuwa suka cika, amma wata fahimta ta zauna mana a rai: wannan makarantar gwamnati ce, ita ta gina, ita ta san yadda za ta yi da abinta. Kalmar "kyauta" muka ji, sai muka ɗauka har kulawar ma an ɗauke mana. Yau kusan shekara hamsin ke nan muna girbin wannan kuskure.

To ku ji, doka ma ba ta ɗauke mana ba. Shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya ba kowane yaro haƙƙin karatun shekara 9, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar nan ta ɗora wa uba ko mai riƙon yaro nauyin tabbatar da cewa yaron ya shiga kuma ya kammala, har ta tanadi gargaɗi da tara ga wanda ya ƙi. Bayan ita kuma, tun tsakiyar shekarun 2000 aka amince kowace makaranta ta kafa kwamitin al'umma da zai sa ido a kan tafiyar da ita, wanda aka fi sani da SBMC. A cikinsa akwai kujerar wakilin mai unguwa ko dagaci, da ta malaman addini, da ta mata, da ta masu sana'ar hannu, da ta tsofaffin ɗalibai, har da ta yaran kansu. Kujerun nan namu ne. Wasu kuɗaɗen gyaran makaranta ta hannun wannan kwamiti suke biyowa. A wurare da dama kwamitin yana nan a takarda kawai, mutum biyu ko uku ne suke sa hannu, sauranmu ba mu ma san da shi ba. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da irinsa, suna kiransa COGES, kuma a yankin Tawa an gwada zaɓen 'yan kwamitin ta hanyar jefa ƙuri'a a ɓoye, ana tara gari ana karanta wa kowa abin da ya shigo da abin da aka kashe. Ashe abu ne mai yiwuwa.

Kowa ya ji adadin da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana faɗa, cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Abin kunya ne da takaici. Amma akwai wasu yaran da ba su cikin wannan lissafi, waɗanda suke sa kayan makaranta kullum, su karɓi kuɗin tara, su tafi su dawo, shekara shida, su fito ba su iya haɗa baƙi ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da ta sa ba. An yi ta muhawara a kan jarrabawar da korar da ta biyo baya, kowa da nasa ra'ayi. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yaran da waɗancan malamai suke koyarwa a gidajenmu suke kwana. Da muna zaunar da su muna cewa "karanta mini wannan", ai da ba mu jira wani gwamna ya gaya mana akwai matsala ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai in yana ɗaga kai.

Na san amsar da wasu za su ba ni: "Ni ban yi boko ba, me zan gane?" Baba, za ka gane da yawa. Inna, ke ma haka. Buɗe jakar yaron nan da yamma. Akwai sabon rubutu yau a littafinsa ko shafin jiya ne dai? Akwai alamar jan biro da ke nuna malam ya duba? In mako ya zagayo babu, ba sai kin iya karatu ba kafin ki san aji ba ya tafiya. Ki ce masa, "Zo ka koya mini abin da aka koya muku yau." Yaron da ya fahimci darasi zai faɗa miki da Hausa har yana ɗoki, wanda bai fahimta ba zai sunkuyar da kai. Ki miƙa masa kwalin magani ko ledar omo ya karanta miki abin da ke jiki. In kina shakka, kira yayansa ko ɗan maƙwabta na sakandare ya saurara. Katin sakamako kuma in ya zo ƙarshen zango, kada mu tsaya ga tambayar "na nawa ka zo?" Yaro yakan zo na biyar a ajin da duka ba su iya ba.

Sai maganar lafiya da kwanciyar hankalin yaro, wadda ita aka fi mantawa. Akwai wata yarinya a danginmu da aka yi shekara biyu ana kiranta daƙiƙiya, a gida da makaranta. Ranar da mahaifiyarta ta je ajin ta ga inda take zama, can baya jikin bango, malamar ta sa ta karanta abin da ke allo, sai yarinyar ta runtse ido ta ce ba ta gani. Gilashi aka yanka mata, aka dawo da ita bencin gaba. Shekara biyu na zagi da bulala, ziyarar rabin awa ta warware. Yara nawa ne irinta? Wani kunne ne yake masa ruwa. Wani yunwa ce, ya fito ko ɗumame bai ci ba, kafin ƙarfe goma kansa yana kan benci. Wani ya raba dare yana kallo a wayar yayansa. Wata ta yi talla har bayan isha. Wani kuwa akwai babban yaro da ke ƙwace masa kuɗin tara kullum, shi ya sa duk safiya ciki yake masa ciwo.

Ka je ka leƙa banɗakin makarantar da idonka. Gani ya kori ji. In babu ƙofa, babu ruwa, ko maza da mata wuri ɗaya suke shiga, to ka samu dalilin da ya sa 'yarka da ta fara girma take fashin kwanaki duk wata, kuma ba za ta taɓa iya faɗa maka ba. Ka duba inda yaran suke shan ruwa. Ka duba masu sayar da abinci a bakin ƙofa, da samarin da ke zama a kangon bayan ajujuwa bayan an tashi. Ba mu manta da yadda maganin tari mai kodin ya yi ɓarna a cikin matasanmu ba, har gwamnati ta haramta shi a 2018, kuma ƙwayoyi ba su ƙare ba don an hana wancan. Ba mu manta da cutar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ba, wadda yara ta fi kamawa, kuma tana da allurar rigakafi. In masu rigakafi sun zo makaranta, iyayen da suka saba da malamai su ne suke samun bayani na gaskiya, sauran kuma jita-jita suke ji.

Tsaro ma haka. Chibok a 2014, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024, inda aka sace ɗalibai daga makarantu, sunaye ne da har yanzu in an ambace su zuciyar uwa take tsinkewa. Tare 'yan bindiga aikin hukuma ne, kuma ba za mu daina neman ta yi aikinta ba. Amma baƙuwar fuskar da ke zagaya makaranta mutanen unguwa ne suke fara ganinta. Katangar da ta zube, ƙofar da babu mai gadi, wa za a kira in wani abu ya faru, ta ina yara za su bi, duk maganganu ne da ya kamata a yi su a zaman kwamiti tun lafiya lau.

Wani hanzari kuma, kada zuwanmu ya zama na faɗa. Da yawanmu ba ma taka makaranta sai ran da aka doki yaro, mu je muna kumfar baki a gaban ɗalibai. Ranar nan malam ya rasa girmansa, yaro kuma ya koyi cewa ba a isa a yi masa magana ba. Malamin nan sau da yawa yara fiye da ɗari ne a gabansa, wasu a ƙasa, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Ka je masa da sallama, ka gaishe shi, ka ce, "Malam, ni ne mahaifin wane, yaya ƙoƙarinsa, ina zan taimaka?" Malamin da ya san akwai mai tambaya a bayan yaro ba ya yi masa riƙon sakainar kashi. In kuwa duka ne ya wuce misali, ko malam ba ya zuwa aji, ko ana karɓar kuɗin da babu rasit, akwai hanya: hedimasta, sai kwamiti, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, har zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ku tafi a ƙungiya, da takarda da sa hannu. Mutum ɗaya ana ce masa ya dawo gobe, mutum talatin kujera ake ba su. Mu kuma mu ji tsoron Allah mu daina biyan kuɗi a saya wa 'ya'yanmu amsar jarrabawa, don wannan ba taimako ba ne, cuta ce.

Maza, ku bar matanku su je taron makaranta, ku ma ku je. Uwa ce ta san ran da yaro ya kwana da zazzaɓi, ita ta san ran da ya dawo yana kuka. Sa hannun mata a harkar ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru, jajinta, wato matan da ta koyar, suna bin ƙauyuka suna kai wa mata ilimi har gida. Jikokin waɗannan mata ba za a ce ba su da ta cewa a kan karatun 'ya'yansu ba.

Hedimastoci, ku ma da naku. Ku daina kiran taro sai in za a nemi kuɗi. Ku sa shi a lokacin da manomi da ɗan kasuwa za su iya zuwa, ban da ranar kasuwa, ku yi magana da harshen da iyaye suke ji, ku karanta lissafin kuɗi a fili. Limamai, ku sanar da ranar taron bayan salla kamar yadda kuke sanar da ɗaurin aure. Masu unguwanni, ku sa sanƙira ya zagaya. Tela, kafinta, magini, mai walda, benci ɗaya ko taga ɗaya da za ka gyara sadaka ce mai gudana. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wasu jihohin ma suna ta alkawari, amma babu kwamishinan da zai san rufin aji uku na makarantarku ya yaye in ku ba ku kai magana ba.

Don Allah, ranar Litinin mai zuwa kada ka tsaya a miƙa wa yaro kuɗin tara daga bakin ƙofa. Riƙe hannunsa ku tafi tare. Ka ga ajinsa da inda yake zama, ka gaisa da malaminsa ka karɓi lambarsa, ka tambayi hedimasta su wane ne 'yan kwamitin makarantar da ranar da za su zauna. In ka dawo, ka ƙwanƙwasa wa maƙwabcinka ƙofa ka gaya masa ranar, ku je tare.