AYABAR KUDU A KASUWANNIN GUMEL: NAWA NE HAYAƘINTA?

Duk wanda ya shiga kasuwar Gumel, ko ta Gagarawa ko Sule Tankarkar, zai tarar da ayaba a faifan masu kayan marmari, alhali kuwa ƙasar Gumel ƙasar gero da riɗi ce. Yawancin ayabar nan daga Kudu ake kawo ta, daga jihohi irin su Edo da Ondo, tafiyar kilomita dubu ko kusa da haka. Tun da Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, ya zama wajibi ma'aikatanmu su iya lissafin irin wannan kaya.

A 2010 wani Bature ɗan Ingila, Mike Berners-Lee, ya ƙiyasta cewa ayaba ɗaya tana jawo giram 80 na iskar kabon, watau ɗan kaɗan ne. Dalilinsa shi ne rana ce ke raya ta, ɓawonta ne mazubinta, kuma a jirgin ruwa ake kai ta Turai. To, amma tamu a mota take zuwa, saboda haka kuskure ne a kwafo wannan adadi a liƙa mata.

Ga yadda lissafinmu zai kasance. Kowace lita ta man gas da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. Alal misali, a ɗauka babbar mota ta ɗauko tan 20, ta sha lita 400 a hanya. Hayaƙinta ya zama kilo 1,080, watau giram 54 a kan kowane kilo na ayaba. Sai a ƙara na gona, musamman takin zamani, wanda iskar da yake saki daga ƙasa ta fi kabon ƙarfin ɗumama duniya fiye da ninki 250.

Inda gizo ke saƙar shi ne asara. Ayaba ba ta jure zafi, ga ramuka a titi, ga tsaye-tsaye a shingaye. In kashi ɗaya cikin huɗu ya ruɓe kafin a sayar, giram 54 ɗin nan ya koma 72, domin an riga an ƙona man, ragowar ayabar ce za ta ɗauki nauyinsa. Mai saye ma haka yake biya, ko da bai sani ba. Wadda ta ruɓe kuma, in an jibge ta a juji, wata iskar mai ɗumama duniya take fitarwa.

Akwai kuma batun komawar mota. Kowace Alhamis manyan motoci suna lodin shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Kudu. Motar da ta dawo da kaya ta raba hayaƙinta gida biyu. Wadda ta dawo wayam kuwa ta ƙona mai a banza. Babu shakka wannan shi ne abu na farko da ya kamata hukumomin ƙananan hukumomin nan huɗu su fara ƙirgawa, tare da yawan abin da ke ruɓewa, domin littafi da alƙalami kawai aikin yake bukata. Har ila yau a tuna hanyar jirgin ƙasa da ta isa Nguru a 1930 ta ratsa Gagarawa, kuma jirgi ya fi mota tsimin mai nesa ba kusa ba.