Wahalar Nemo Tsohon Gyara a Kundin Masu Rubuta Manhaja

Zancen kimiyya na yau a kan masu rubuta wa kwamfuta umarni ne, watau manhaja, da wata wahala da su ke sha wadda ba dole ba ce.

Aikin mutanen nan gyara ne bisa gyara. Saboda haka suna da wani kundi cikin kwamfuta, duk sa'ad da mutum ya gama gyara sai ya ajiye shi ciki, tare da sunansa, da kwanan wata, da ɗan bayani. Ran da abu ya lalace sai a koma baya, a nemo ajiyar da ta jawo ɓarna, a warware ta. Kundin da ya fi yaɗuwa shi ne Git, wanda Linus Torvalds, mutumin Finlan, ya ƙago a 2005 domin aikin Linux.

To, yaya a ke kiran ajiya guda cikin dubbai? Subversion, wanda ya girmi Git, ƙidaya ya ke yi, 1, 2, 3, gama akwai kwamfuta guda a tsakiya mai raba lamba. Git ba shi da wannan. Kowa da cikakken kundinsa, har wani a Jamus da wani a Indiya su yi ajiya lokaci ɗaya ba da sanin juna ba, in da ƙidaya a ke yi sai lambarsu ta yi karo. Sai Git ya lissafo wa kowace ajiya suna daga abin da ke cikinta, baƙi 40, lambobi gauraye da haruffa daga a zuwa f. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ko ɗigo aka sake sai sunan ya sake. Amma fa suna ne na na'ura, ba ɗan Adam da zai riƙe shi da ka.

An yi sassauci, aka yarda mutum ya rubuta baƙi 7 na farko. Da kundin Linux ya ƙasaita, har ajiyarsa ta wuce miliyan a 2021, bakwai ba su isa ba, ma'aikatansa 12 su ke rubutawa. Ana kuma iya ƙirgawa baya, a ce HEAD~3, watau taki uku daga inda a ke tsaye, sai dai da an ƙara ajiya guda lissafin ya goce. Mutum kuwa abin da ya ke tunawa shi ne gyaran da ya yi ran Talata, ba a3f9c21 ba. In ya kwafo sunan da ba shi ba, lafiyayyen aiki zai warware, ɓarna tana nan zaune.

Ƙwararru su kan ce sabo ne kurum. Sabo da wahala ba ya mai da ita daɗi, balle ga ɗan koyo wanda tsoron ɓata aiki ya kan hana shi taɓa kundin sam. Lalle nauyin nan na kwamfuta ne, ita ce ba ta mantuwa.

Waɗansu sun gwada. Mercurial, shi ma na 2005, ya ba kowace ajiya gajeriyar lamba bayan dogon sunan, amma lambar wani ba ta wani ba ce, wanda ya aika wa abokinsa ita ya iya ɓad da shi. Jujutsu, wanda Martin von Zweigbergk ya fara, ya fi dacewa. Ya kan ba gyara suna wanda ba ya sakewa ko an sake taɓa gyaran, sa'an nan ya rina haruffan farko da suka isa su bambanta shi da sauran, sau da yawa ɗaya ko biyu, su kaɗai mutum zai buga. Kuma yana aiki bisa kundin Git, ba sai an zubar da tsohon tarihi ba.

Git kansa ya san hanyar. Umarninsa mai suna bisect ya kan raba tarihi biyu, ya miƙo ajiyar tsakiya a gwada, a ce masa lafiya ko ba lafiya, ya sake rabawa. Cikin ajiya 1,000, gwaji kamar 10 ya isa a kama mai laifi, alhali kwamfuta ce ke zaɓen kowace ajiya da za a gwada.