Amanar Bayanan 'Ya'yanmu a Jami'a: Wa Ke Riƙe da Ita?

'Yan'uwa, idan lokacin neman gurbin karatu ya zo, kusan kowane gida a ikilisiyoyinmu yana da yaro ko yarinya da ke zarya zuwa shagon kwamfuta. Muna ba su kuɗin mota da kuɗin fom, mu yi musu addu'a su tafi. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: me suka bari a can? Kafin ɗalibi ya zauna a aji ko sau ɗaya, ya riga ya miƙa cikakken sunansa, ranar haihuwa, hotonsa, zanen yatsunsa, jiharsa da ƙaramar hukumarsa, adireshin gida, da lambar wayar iyaye. Idan ya samu shiga, makaranta za ta ƙara da sakamakon gwajin asibiti, rukunin jini, lambar ɗakin kwana, a wasu wuraren har da addini da sana'ar uba. Wanda ya riƙe waɗannan duka ya san gidanmu fiye da maƙwabcinmu.

Yadda bayanan suka haɗu wuri ɗaya

A dā, fayil ɗin ɗalibi takarda ce a cikin kabad a ofishin magatakarda. Wanda zai sace ta sai ya fasa ƙofa. Yau komai ya koma kan na'ura, kuma lambobin sun ɗauru da juna. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ga duk mai son rubuta jarrabawarta. Layin waya ma an ɗaure shi da NIN. Asusun ba da rancen karatu na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayu 2024, yana neman NIN da lambar BVN ta banki da lambar JAMB da lambar ɗalibi ta makaranta.

Wannan haɗin yana da amfani, kada mu musa. Ya rage masu rubuta wa wasu jarrabawa, ya kuma sa rance ya fi saurin isa ga mai shi. Amma amfanin nan shi ne kuma haɗarin. Tunda lambobin suna riƙe da juna kamar sarƙa, wanda ya kama ɗaya zai iya jawo sauran. A 2024 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative sun fallasa wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya, wasu a kan Naira 100 kacal. Da bayanan da ba su kai kuɗin biredi ba, ɗan damfara zai iya kiran uwa ya ambaci sunan ɗanta da sashen da yake karatu, ya ce yaron yana asibiti a turo kuɗi yanzu. Uwar da ta ji sunan daidai ba za ta tsaya bincike ba.

A arewa kuma akwai abin da ya fi damfara. Ba mu manta da ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Afaka da na Jami'ar Greenfield a Kaduna a 2021 ba, ko ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2023. A ƙasar da ake ɗauke ɗalibai don kuɗin fansa, jerin sunaye mai ɗauke da lambar ɗaki, sana'ar uba da wayarsa abu ne da ya kamata a ɓoye kamar makullin gida.

Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta ƙasa, NDPC. Jami'a, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, tana ƙarƙashin wannan doka domin tana tara bayanan mutane.

Dokar ta ce a karɓi bayani don wata manufa da aka fayyace, kada a karɓi fiye da bukata, kada a ajiye shi fiye da lokacin da ya dace, kuma a tsare shi. Ta ware wasu bayanai a matsayin masu tsananin sirri, ciki har da lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa da zanen yatsunsa. Ɗalibi yana da 'yancin ya tambayi makaranta abin da take riƙe da shi game da shi, ya sa a gyara kuskure, a wasu yanayi ma ya sa a goge. Idan aka yi wa bayanai kutse ta yadda mutane za su iya cutuwa, dole a sanar da Hukumar cikin sa'o'i 72, idan haɗarin babba ne kuma a gaya wa waɗanda abin ya shafa ba da jinkiri ba. Wanda aka cutar zai iya kai ƙara Hukumar ko kotu. Ga manyan masu tara bayanai, tara tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Akwai abin da ya shafi iyaye kai tsaye. Ana ɗaukar yara a jami'a tun suna shekara 16, alhali a idon dokar nan wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma inda ake bukatar amincewa kafin a yi amfani da bayanansa, ta iyaye ko mai riƙo ce ake nema.

Inda bangon yake tsagewa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sau da yawa tsagar ba daga wani ƙwararren mai kutse take zuwa ba. Daga sakacinmu ne. Yaro ya bar wa mai shagon kwamfuta kalmar sirrinsa, ko ya bari aka yi masa rajista da lambar wayar mai shagon da imel ɗinsa. Daga ranar nan saƙon JAMB ba zai ƙara zuwa wayar yaron ba, kuma wani ne ke riƙe da ƙofar gurbinsa. Ana manna sakamakon jarrabawa a allon sanarwa da cikakken suna, wani ya ɗauki hoto ya watsa. Wakilin aji ya tura jerin sunaye da lambobin waya zuwa zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu. Tsofaffin fom ɗin rajista su ƙare a hannun mai ƙosai ko mai tsire a bakin ƙofar makaranta.

Wani zai ce, wanda ba shi da abin ɓoyewa me zai ji tsoro? Amsa ita ce kowane mutumin kirki yana da abin da ya dace a rufe. Yarinyar da ke da sikila, saurayin da ke karɓar maganin ƙanjamau a asibitin makaranta, ɗalibin da ya faɗi jarrabawa sau biyu, babu ɗayansu da ya yi laifi, amma fitar da maganar zai iya ɓata musu aure, aiki ko zaman lafiya a ɗakin kwana. Abin da ya fita kan intanet kuwa ba ya dawowa.

Mu ma muna ciki

Ba za mu nuna wa jami'o'in gwamnati yatsa mu manta da kanmu ba. Ikilisiyoyi suna da jami'o'i, kamar Bingham a Karu da Veritas a Abuja, da makarantun tauhidi da na aikin jinya, kuma doka ɗaya ce a kan kowa. Ƙungiyoyin zumuncin ɗalibai suna rubuta sunayen sababbin zuwa da lambar ɗaki domin ziyara. Niyyar mai kyau ce, amma wa ke ajiye littafin idan shugabanni sun gama makaranta? A cikin jerin nan akwai mai yiwuwa ɗalibin da danginsa ba su san yana zuwa sujada ba, kuma sunansa a hannun da bai dace ba zai iya jawo masa kora daga gida ko abin da ya fi haka. Haka ma bukatar addu'a. Wanda ya gaya wa fasto ciwonsa a ofis bai ba mu izinin sa sunansa da cutarsa a zaure ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da za mu yi

Iyaye, mu tabbata layin da aka yi rajistar JAMB da shi na yaron ne, an yi masa rajista da sunansa, kuma yana hannunsa. Bayan an tashi daga shagon kwamfuta, a canza kalmar sirri a ranar. Mu koya wa yara cewa lambar da banki ke turowa ta waya ba a gaya wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga makaranta yake. Idan aka kira mu aka ce yaro yana cikin matsala, mu kira yaron ko abokin ɗakinsa kafin mu tura ko kwabo.

Ɗalibai, idan fom ya nemi abin da ba ku ga dalilinsa ba, ku tambaya da ladabi: don me ake so, wa zai gani, har yaushe za a ajiye? Ku tambayi makarantarku ko tana da jami'in kare bayanai, da kuma inda ake kai ƙorafi.

'Yan'uwanmu da ke aiki a ofishin jarrabawa, asibitin makaranta ko sashen kwamfuta, fayil ɗin da ke gabanku amana ce. Ko dattijon ikilisiya ne ya roƙe ku ku duba masa sakamakon yarinyar da ɗansa ke nema, amsar ita ce a'a.

Shugabannin ikilisiya da na zumuncin ɗalibai kuwa, kafin zangon karatu mai zuwa mu zauna mu duba littattafan sunayen da ke hannunmu. Mu rage abin da muke tambaya, mu sa mutum ɗaya ya riƙe su, mu ƙona waɗanda aikinsu ya ƙare. Allah ya tsare 'ya'yanmu a inda suke karatu, ya kuma same mu masu riƙon amana.