Tseren keken BMX: mu nema wa yaranmu fili, mu raba su da kwalta

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ko ta Ƙonni zuwa Illela, da yammacin ranar kasuwa, ya san abin da za mu yi magana a kai. Yara ƴan shekara 10 zuwa 12 ne a kan kekuna suna tsere a bakin kwalta, wannan ya saki hannu, wancan ya ɗaga tayar gaba, ga manyan motoci shaƙe da kaya suna wucewa ta gefensu. Mu iyaye kuwa abin da muka iya shi ne tsawa da bulala. Yaro ya yi kuka yau, gobe ya koma. Jibi kuma, in ya ƙara tsawo, shi ne zai ari babur ɗin ɗan kabu-kabu ya tafi wasa a gaban motar amarya, a dawo mana da shi a karye, in ma an yi sa'a ke nan.

A ganinmu, son gudu ba abu ba ne da bulala ke fitarwa daga jikin yaro. Ruwa ne, in ba a yi masa magudana ba sai ya ci gini. Wasu al'ummomi sun daɗe da yin wannan magudana, suna kiranta BMX.

Asalin abin daga jihar Kalifoniya ta Amurka yake, wajen ƙarshen shekarun 1960. Yaran can ma irin namu ne: suna ganin manya na tseren babur a kan tuddai, ba su da babur, sai suka riƙa kwaikwayo da ƙananan kekunansu a kangon filaye. Iyaye suka shigo, aka sa doka, aka ware aji-aji bisa shekaru. An yi gasar duniya ta farko a 1982, sannan a 2008 wasan ya shiga Olamfik a birnin Beijin na ƙasar Sin. A wancan karo har ɗan Afirka ta Kudu, Sifiso Nhlapo, ya kai zagayen ƙarshe, kuma a 2010 ƙasarsa ta karɓi gasar duniya a Pietermaritzburg. A Paris a 2024 ƴan Faransa uku ne suka kwashe lambobin maza gaba ɗaya, Joris Daudet ya ɗauki zinariya.

Yadda ake yin sa ba wuya. Fili ne na ƙasa mai tsawon mita 300 zuwa 400, da tuddai da kwanoni masu tudu a gefe. Mutum 8 ke tashi lokaci guda daga kan wata gangara, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Keken ƙarami ne, tayarsa inci 20, wato wajen santimita 50, giya ɗaya, birkin baya kawai. Akwai kuma mai tayar inci 24, wanda iyaye da yawa ke hawa. A nan ne abin ya ba mu sha'awa: a fili ɗaya, a yini ɗaya, ɗan shekara 5 zai yi tsere da sa'o'insa, yayarsa da nata, ubansu da nasa. Wane wasa muke da shi yau da ke haɗa uba da ɗa haka? Kokowa tamu ce kuma muna alfahari da takobi, amma yawancinmu ƴan kallo ne.

To, ta ina magidanci zai fara? Ba da sabon keke ba. Ƴan kasuwa kun fi kowa sanin cewa a cikin kekunan gwanjo da ke shigowa daga Turai ana samun irin waɗannan ƙanana, ana sayar da su a matsayin keken yara ba tare da an san na tsere ba ne. A kai wa mai gyaran keke ya duba birki da sarƙa, ya cire duk wani ƙarfe da zai iya sokar yaro, kamar jingina da mazaunin kaya. Inda ya kamata kuɗin su tafi shi ne hular kwano mai rufe haɓa, da safar hannu. Sauran kuwa dogon wando ne, riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe. Silifa ba ta shiga fili. Wanda ya ce zai sayi keke yanzu, hula sai bayan girbi, muna ba shi shawara ya sayi hular tukuna.

Ba za mu ɓoye ba, wasan yana da haɗari. Saya Sakakibara ta ƙasar Ostareliya, wadda ta ci zinariyar mata a 2024, bin yayanta Kai ta yi ta shiga tun tana ƙarama. A 2020 Kai ya faɗi a wata gasar duniya, ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, da hularsa da komai, kuma daga nan ya bar gasa. Sai dai wannan matakin ƙwararru ne, masu gangarowa daga tudun mita 8. Namu yaran tuddan da ba su wuce gwiwa ba sun ishe su. Kuma duk yadda ƙasa ta kai ga tauri, ba ta kai tayar tirela ba.

Babban aikin shi ne filin, kuma a nan ƙasarmu ke da nata hali. Rairayi ba ya yin tudu, taya nutsewa take yi. Dole a kawo jar ƙasa irin ta aikin hanya, a jiƙa, a daɓe kamar yadda mata ke daɓen ɗaki. Dole a share tsidau da ƙaya, in ba haka ba mai faci ne kaɗai zai ci ribar wasan. Dole a bar wa ruwa hanya, domin ruwan watan Agusta guda ɗaya zai iya wanke aikin wata uku. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a kowace kasuwar iyaka akwai mai motar ɗibar ƙasa, akwai mai tankin ruwa, akwai sarkin kasuwa da in ya yi magana magajin gari zai saurara. Ƙungiyoyin da ke iya tara kuɗin tarbar ɗan siyasa cikin kwana biyu ba za su kasa tifa goma ta ƙasa ba.

Mun san za a ce karatu fa? Ai filin ne ma zai zama linzami: wanda bai je lakwal ko makarantar allo ba, ba zai hau ba. Za a kuma ce ƴaƴa mata fa? Wannan kowane gida da nasa tsarin, ba mu tilasta wa kowa. Abin da muka sani shi ne Mariana Pajón ta ƙasar Kolombiya ta fara tun tana shekara 4, ta ci zinariyar Olamfik a 2012 da 2016, yau ga filin tsere da sunanta a garinsu Medelin. Kayan wasan kuwa rufe jiki suke yi tun daga kai har ƙafa, ana kuma iya ware wa ƴan mata lokacinsu.

Ga masu neman riba, ita ma tana nan. Yaro na girma, keke na sauya hannu, taya da hula na ƙarewa, ranar tsere mai ƙosai da mai ruwan sanyi ma za su samu.

Lokacin da ya dace a fara shi ne bayan damina, amfanin gona ya shigo, sanyi ya sauka. Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwar Ɗan Isa, Ƙonni, Gaya da Magariya su rubuta wa magadan garinsu tun yanzu, su nemi kangon fili nesa da babbar hanya, a kuma sa hannu a takarda don kada a wayi gari an yanka shi fuloti.