Ɗakin Karatu da Zaman Ƙarshen Wata

Ɗakunan karatu na gwamnati a biranen Arewa suna da kakarsu kamar amfanin gona. Idan jarrabawar WAEC ko JAMB ta gabato sai kujeru su yi wuya, ɗalibai su zo da littattafansu daga gida suna neman inuwa da shiru. Da an gama jarrabawa sai ƙafa ta ɗauke, a bar ma'aikata da ƙura. Daga nan ne masu rabon kasafin kuɗi suke yanke hukuncin cewa mutane ba sa karatu, don haka babu dalilin kashe wa wurin kuɗi.

Wannan hukunci ya tsallake tarihi. Bahaushe ya daɗe yana karatu, sai dai a cikin jama'a ya saba yinsa. A zaure, almajiri ne yake jan baƙi, malam ya fassara, na gefe su tsinci abin da suka tsinta. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, kwafi guda yakan wadaci majalisa, domin mutum ɗaya ne zai karanta da ƙarfi, sauran su saurara su yi muhawara. Littattafan soyayya na Kano ma, tun daga shekarun 1980, hannu da hannu suka yi ta yawo a tsakanin mata, ana hayarsu a shaguna, ana kuma karanta su a gidajen rediyo. Ɗakin da ake shiga a zauna tsit, kowa da littafinsa, tsari ne da aka aro. Yana da amfaninsa, amma shi kaɗai bai taɓa isa ya jawo gari ba.

Shi ya sa abin da ya faru a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad, a titin Ahmadu Bello da ke Kano, ya cancanci a dube shi da kyau. Marubutan ƙungiyar ANA reshen Kano sun sha gudanar da zamansu a harabarsa, inda matashi zai miƙe ya karanta gajeren labarinsa ko waƙarsa, waɗanda suka riga shi a fagen su yi masa gyara a gaban kowa. Gyaran yakan yi zafi wani lokaci, amma marubucin da ba shi da edita, ba shi da kamfanin ɗab'i, a irin wannan zama ne kawai yake jin yadda rubutunsa yake sauka a kunnen wani. Abin da zaman yake ci bai wuce ɗaki da kujeru da ranar da kowa ya sani ba.

Ranar nan ita ce ƙashin bayan al'amarin. Bikin da aka gayyato kwamishina ya yanke ƙyalle, aka ɗauki hoto aka watse, ba ya haifar da mai karatu ko ɗaya. Zaman da ake yi duk ƙarshen wata, ko mutum goma ne suka zo, shi ne yake zama ɗabi'a, har uba ya fara zuwa da ɗansa.

Akwai kuma batun mata, wanda ba a cika ambatonsa ba. Majalisar ƙofar gida ta maza ce, haka teburin mai shayi. Matar aure ko budurwar da take son ta ji bayanin likita a kan ciwon suga, ko ta koyi cike takardar neman gurbin karatu ta intanet, wuraren da iyalinta za su yarda ta je ba su da yawa. Ɗakin karatu na gwamnati yana cikinsu: ba na jam'iyya ba ne, ba na wata ɗarika ba ne, ba a kuma sayen tikiti a ƙofa.

Masu adawa da taro a ɗakin karatu suna da hujja mai ƙarfi. Ga ɗalibin da yake kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa biyar, shirun nan shi ne duk abin da ya kawo shi, kuma zalunci ne a ƙwace masa shi da lasifika. Maganin wannan shi ne raba ɗaki da raba lokaci, a bar zauren nazari da shirunsa, a kai taro wani sashe ko yammacin Asabar.

Haɗarin da ya fi wannan girma shi ne haya. Hukumar da ba a ba ta kuɗin gudanarwa za ta ga zauren taronta a matsayin hanyar samun na man janareta, sai ta bayar da shi ga masu biki da 'yan siyasa, ƙungiyar marubuta ko ajin manya kuwa a ce su jira sai ranar da babu mai biya. Ba laifi ba ne a yi haya, amma ya kamata kowace hukumar ɗakunan karatu ta jiha ta fara ware ranakun da ba na sayarwa ba ne, ta rubuta su a allo a bakin ƙofa tun farkon shekara, sannan ta bayar da hayar abin da ya rage.