Gidauniya: A Ga Kuɗi Kafin A Tafa

Duk wanda ya saba halartar taron ƙaddamar da gidauniya a Kankiya ko Kusada ya san yadda ake yi: a shelanta miliyoyin da manyan baƙi suka alkawarta, a tafa, a watse, sannan 'yan kwamiti su shafe watanni suna zarya a ƙofar gidajensu.

Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tilasta wa jama'a, har a ƙauyuka irin Dudunni, sabawa da tura kuɗi ta waya da na'urar POS. Saboda haka, a ganina, kada a ambaci sunan kowa a lasifika sai saƙon banki ya shigo. Asusun kuwa ya zama na ƙungiya, ba na shugaba ba, a kuma karanta jimillar kafin a tashi.