A Auna Iskar Kolmani Tun Yanzu

Mu 'yan Laranto mun san abin da haƙar kuza ta bar wa Jos: tafkuna masu cin rai, kamfanonin kuwa sun yi gaba. Shi ya sa tun da Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2022, nake cewa a riƙa auna iskar wurin.

Iskar metan ba launi ba wari, ga ɗumama duniya. Shanu ma suna fitar da ita, to gobe sai a ɗora wa makiyaya laifi. Amma saniya ba ta fitar da etan, gas ɗin rijiya ne ke tafe da ita. A auna biyun tare, a buga sakamakon har da Hausa.